Aljihun Sadaka Daban, Aljihun Kasuwa Daban

Shirinmu na yau ya shafi mutumin da ke riƙe da abu biyu lokaci guda: sana'a a hannun dama, aikin taimako a hannun hagu. Irin wannan mutum ba baƙo ba ne a cikin birnin Kano. Daga Soron Ɗinki zuwa Yakasai, daga Koki zuwa Mandawari, da wuya ka sami lungun da babu ɗan kasuwa mai ɗaukar nauyin islamiyya, ko mai ciyarwa da azumi, ko mai biya wa marasa lafiya kuɗin magani. Maganar da za mu yi guda ɗaya ce, kuma za ku ji ina ta maimaita ta. Kuɗin sadaka daban, kuɗin kasuwa daban. Suna daban, asusu daban, littafi daban. Za mu bi ta gaɓa uku. Da farko rajista. Sai haraji. Daga nan sai mu saurari masu ja da wannan magana, domin suna da hujjojinsu, kuma wasu hujjojin na da nauyi.

Mu fara da abin da ido ya saba gani. Ku ƙaddara wani mai shagon ɗinki a Soron Ɗinki. Yana da kekuna goma da yara masu koyon aiki. Rabin yaran marayu ne, ba ya karɓar ko sisi a kansu. Duk ƙaramar Sallah yana ɗinka wa marayun unguwa kaya kyauta. Labari ya bazu. Wani mai shago a Kantin Kwari ya aiko da yadi. Wata Hajiya da ke zaune a Jidda ta ce a ba ta lambar asusu. Ya ba ta lambar da yake da ita, wato ta shago. A wannan asusun masu kawo ɗinki ke zuba kafin alƙalami. A nan ake cire kuɗin zare, da na man janareta, da na cefanen gida. Yanzu kuma kuɗin marayu ya shigo ya gauraya. Mutumin nan ba maha'inci ba ne. Niyyarsa fara ce tas. Amma ku tambaye shi yau, cikin abin da ke asusun nan, nawa ne na marayu? Zai yi shiru, ya yi ƙiyasi. To, dukiyar maraya ba a yi mata ƙiyasi. Maɗinki ya fi kowa sanin dalilin da ya sa ake yi wa riga aljihu biyu. Wannan shi ne abin da doka ke nema, kuma za mu ga cewa tun kafin doka, fiƙihu ya nema.

Gaɓa ta farko, rajista. A Najeriya hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista ita ce CAC. Dokar da take aiki da ita ana kiranta CAMA, wato dokar kamfanoni da dangoginsu. An fara yin ta a 1990, aka sake ta gaba ɗaya a 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Agusta na wannan shekara. Dokar ta buɗe ƙofofi daban-daban, kowace da mai shigarta. Ta ɗan kasuwa iri biyu ce da aka fi sani. Akwai rajistar sunan kasuwanci. A wannan, kai da shagonka mutum ɗaya ne a idon doka. Bashin shago bashinka ne, ribar shago ribarka ce. Akwai kuma rajistar kamfani, wanda kuke ganin an rubuta Ltd a ƙarshen sunansa. Shi kamfani doka na kallonsa kamar wani mutum ne daban da mai shi. Yana mallaka, yana cin bashi, ana kai shi ƙara. Tun daga 2020 mutum ɗaya tak yana iya kafa ƙaramin kamfani, ba sai ya nemo na biyu ba.

Ƙofar aikin taimako kuwa ita ce rajistar amintattu. Da ita ake yi wa masallatai da coci-coci da gidauniyoyi da ƙungiyoyin ci-gaban unguwa rajista. Amintattu su ne mutanen da aka damƙa wa amanar dukiyar ƙungiya. Ana son aƙalla mutum biyu. Kowanne ya kai shekara 18, yana da cikakken hankali, ba wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi ba, kuma ba a same shi da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce ba. Za a rubuta kundin tsarin mulkin ƙungiya, a faɗi manufarta ƙarara. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28, ko akwai mai ƙorafi. In babu, sai a ba da takardar shaida. Daga ranar ƙungiya ta zama mai tsayuwa da ƙafarta. Tana iya mallakar fili da sunanta. Tana iya buɗe asusu da sunanta. Amintacce ya rasu, a naɗa wani, ita tana nan. Akwai wata hanyar kuma, ta kamfanin da ba ya raba riba, wanda mambobinsa ke tsaya masa da lamuni. Shi sai an nemi sahalewar Babban Lauyan Tarayya, don haka ƙananan ƙungiyoyi ba su cika bin ta ba.

Ku lura da sharaɗin da ke tattare da wannan takarda, domin shi ne ƙashin bayan maganar. Duk abin da ya shiga hannun ƙungiya, kan manufarta kaɗai za a kashe shi. Ba a raba wa mambobi riba. Ba a ba amintattu kaso. In amintacce ya kashe kuɗinsa a kan hidimar ƙungiya, a mayar masa. In ƙungiya na haya a gidansa, ta biya shi haya daidai da ta kowa. Iyakarta ke nan. Ko rushe ƙungiyar aka yi, abin da ya rage bayan biyan bashi ba ya komawa ga waɗanda suka kafa ta. Wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Ma'ana, Alhaji, ranar da ka sa kuɗi a gidauniyar da ka kafa da hannunka, kuɗin ya bar hannunka. Ko sunanka ne a allon ƙofa, ba naka ba ne kuma.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asara, kuma asarar ba ta haraji ba ce, ta gado ce. Ku sake ƙaddara wani attajiri da ya gina islamiyya a filinsa. Kowa a unguwa ya san ya ce ya bayar saboda Allah. Amma takardar fili na ɗauke da sunansa. Mabuɗi na hannunsa. Albashin malamai daga aljihunsa yake fita. Ran da ya kwanta dama, magada suka zo rabon gado. Wasu suka ce Baba ya bayar. Wasu suka ce ina shaida? Kada ku yi saurin zargin magadan. A cikinsu akwai ƙananan yara, akwai matan da ke takaba, kuma su ma haƙƙinsu Allah ne ya yanka musu. Me malamanmu na Malikiyya suka ce? Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san hukuncin. Kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai da hauzi. Hauzi shi ne abin da aka bayar ya fita daga hannun mai bayarwa, ya shiga hannun wanda aka ba, ko hannun mai kula da shi. In mutum ya rasu abin na hannunsa, ya koma gado. In kuma a ciwon ajali ya bayar, hukuncin wasiyya ya hau kansa, ba zai wuce sulusi ba. Kun ji? Tun kafin a san wata CAC, fiƙihu ya ce niyya kaɗai ba ta raba dukiya. Sai an fitar da ita a zahiri. Rajistar amintattu, da mayar da takardar fili zuwa sunan ƙungiya, hanya ce ta tabbatar da wannan fitarwa a zamanin da kotu da banki da ma'aikatar ƙasa takarda suke dubawa. A Kano ma akwai Hukumar Zakka da Hubusi, wadda aka kafa a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Mai niyyar yin hubusi yana da inda zai je ya nemi shawara.

Kafin mu bar rajista, abu biyu a gurguje. Takardar da ƙaramar hukuma ko wata ma'aikatar jiha ke ba ƙungiyoyin unguwa tana da amfaninta, tana nuna hukuma ta san da ku. Amma ba ita ke mayar da ƙungiya mai tsayuwa da kanta a idon doka ba. Wannan aikin CAC ne. Sannan in kun je buɗe asusu, banki zai nemi lambar haraji, wadda ake kira TIN, kuma galibi zai nemi takardar SCUML. Wannan wani sashe ne a ƙarƙashin EFCC da ke sa ido kan safarar kuɗin haram. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. Ga kamfani ko ƙungiya mai rajista, miliyan goma. Don haka in wani bawan Allah ya zo da gudummawa mai kauri a jakar leda, a yi masa godiya, a raka shi banki.

Masu sauraro, mun zo gaɓa ta biyu, haraji. A nan akwai wata fahimta da ta yaɗu, kuma kuskure ce. Mutane na ɗauka da zarar an yi rajistar gidauniya, an yi sallama da haraji. Ba haka ba ne. Ku saurara da kyau. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni, a sashe na 23, ta yafe haraji ga ƙungiyoyin addini da na taimako masu yi wa jama'a aiki. Amma ta gindaya sharaɗi: muddin kuɗin ba daga ciniki ko kasuwanci ya fito ba. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsara su fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. Abubuwa da yawa sun canza, amma wannan sharaɗi yana nan. Abin da doka ke tambaya shi ne, daga ina kuɗin ya fito? Ba ta tsaya ga ina za a kai shi ba. In gudummawa ce, ko zakka, ko sadaka, ko tallafi, babu harajin riba a kai. In kuwa gidauniya ta buɗe gidan burodi, ko ta kafa injin ruwan leda, ko ta karɓi kwangilar ɗinka kayan makaranta, wannan ciniki ne. Ribarsa ta shiga lissafin haraji, ko da kowane kwabo a bakin maraya zai ƙare. Na sake faɗa. Tushen kuɗi ake dubawa, ba niyyar mai shi ba.

Wani zai ce, to wannan ai rashin tausayi ne. Riba ce za a ciyar da marayu da ita, me ya kai gwamnati ciki? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin kasuwa. Ku ɗauki shaguna biyu a layi ɗaya a Kasuwar Kurmi. Kaya iri ɗaya, masu saye iri ɗaya. Ɗaya na gidauniya ne, ba ya biyan komai. Ɗaya na wani magidanci ne mai 'ya'ya takwas, yana biya. Na farko zai iya karya farashi. Na biyu ba zai iya ba. A hankali sai mai 'ya'ya takwas ya rufe shago, 'ya'yansa su shiga layin masu neman taimako. An taimaki wasu, an karya wani. Sannan wa zai hana kowane ɗan kasuwa mai wayo ya liƙa wa shagonsa allon gidauniya? Wannan ba hasashe ba ne, ya faru a wata ƙasa. A Amurka, a 1947, an sayi wani babban kamfanin taliya mai suna Mueller domin ribarsa ta riƙa tafiya ga tsangayar koyon shari'a ta Jami'ar New York. Aka nemi a yafe masa haraji tunda ilimi ake yi wa hidima. Sauran masu yin taliya kuwa suna biya. Maganar ta kai majalisar dokoki. A 1950 aka kafa doka cewa kasuwancin da bai shafi ainihin manufar ƙungiyar agaji ba, sai ya biya haraji kamar na kowa. A ganina wannan ƙa'ida adalci ce, kuma ɗan kasuwar Kano ya fi kowa gane ta, domin ya san zafin a karya masa farashi.

To, yaya mai son yin duka biyun zai yi? Ya dubi manya. Aliko Dangote ɗan Kano ne. Kamfanin simintinsa daban yake, yana da masu hannun jari, yana biyan harajinsa. Gidauniyarsa, wadda aka kafa a 1994, ita ma daban take da nata shugabanci. Abdussamad Isyaka Rabi'u ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021, bai cusa ta cikin littafin kamfaninsa na BUA ba. Ba don suna da kuɗi suka raba ba. Tsarin ne ya fi tsafta, kuma mai keke goma ma zai iya binsa. Shago ya yi cinikinsa da sunansa. Ya fitar da ribarsa. Ya sauke abin da ke kansa. Sannan ya ɗebi abin da ya yi niyya ya tura asusun gidauniya, a ba shi rasit. In shagon ne zai ɗinka kayan marayu da kuɗin gidauniya, to a nan a yi hattara sosai, domin mai saye da mai sayarwa sun zama mutum ɗaya. A bar sauran amintattu su yanke farashi, shi ya fita daga zaman. A rubuta. Farashin kada ya wuce na kasuwa.

Akwai kuma tambayar da 'yan kasuwa ke yawan yi. In kamfanina ya ba da gudummawa, za a rage mini haraji? Ana ragewa, amma ba kai tsaye ba, kuma ba ga kowa ba. A tsarin da aka daɗe ana bi, sai ƙungiyar da aka ba tana cikin jerin waɗanda doka ta amince da su, kuma abin da za a cire daga lissafi ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na ribar shekara ba. A Ingila gidauniya na iya kafa kamfani, ya miƙa mata ribarsa duka, harajin ya faɗi. Mu a nan ƙofar ba ta kai wannan faɗi ba. Kuɗin da ka miƙa wa mabuƙaci hannu da hannu a ƙofar gida, ladansa na wurin Allah, amma ba ya shiga wannan lissafi. Haka zakka. Zakka haƙƙin Allah ce, tana da mutanen da aka ambata za a ba. Haraji haƙƙin hukuma ne. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. Kuma ku duba, wanda ya cakuɗa kuɗin shago da na marayu, ko zakkarsa ba zai iya fitarwa daidai ba. Zai ƙidaya abin da ba nasa ba, ko ya bar abin da yake nasa.

Sauran wajibai a taƙaice. Yafiya ba ta ɗauke shigar da bayanai. Ƙungiyar da ba ta biyan harajin riba, duk da haka dole ta kai wa hukumar haraji bayanin shekara. A sabuwar doka, wanda bai kai ba tararsa naira 100,000 ce a watan farko, sai 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ku ji wannan: ana iya cin ku tara alhali ko kwabo ba a bin ku na haraji, don kawai ba ku kai takarda ba. Ita ma CAC tana neman rahoton shekara. In gidauniya na da ma'aikata masu albashi, ita za ta cire harajin albashinsu ta kai wa hukumar tara haraji ta jiha, wato KIRS a nan Kano. In ta ba da kwangilar gini, akwai kason da za ta riƙe daga kuɗin ɗan kwangila ta miƙa wa hukuma. In ta sayi kaya, tana biyan harajin VAT na kashi 7.5 kamar kowa, sai a kan kayan da doka ta ware, irin su kayan abinci na yau da kullum da magunguna.

Yanzu gaɓa ta uku. Mu ba masu ja dama. Na farko ya ce, sadakar ɓoye ta fi lada. Rajista da buga jarida da rasit, ai riya ce ke leƙowa. Malam, gaskiya ka faɗa, amma a kan dukiyarka. Abin da ka ciro daga aljihunka, ɓoye shi yadda kake so, babu dokar da ta ce ka yi rajista kafin ka yi alheri. Amma ranar da ka fara karɓar kuɗin wasu domin ka isar ga wasu, ka tashi daga mai sadaka ka koma mai riƙon amana. Shi mai amana ba a neman ya ɓoye, ana neman ya iya nunawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Suratun Nisa'i ta yi umarni a kafa shaidu lokacin miƙa wa maraya dukiyarsa. Sunan mai bayarwa kana iya sakayawa. Adadin da ya shigo da inda ya tafi kuwa, dole su zauna a rubuce.

Na biyu ya ce, harajin da muke biya ina yake zuwa? Ga lungunanmu, ga magudanan ruwa, ga asibiti. Gara in ba maraya da hannuna. Wannan ƙorafi ba na raina shi. Mutanen Kano suna da dogon tarihi da haraji, kuma ba duka mai daɗi ba ne. Dattawa na tuna yadda ake bin talaka kuɗin haraji da jangali, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su bayan ta hau mulki a 1979. Neman a yi wa jama'a bayanin inda kuɗinsu ya shiga haƙƙi ne, kuma ina goyon bayan a nema da babbar murya. Amma fakewa da marayu domin kauce wa haraji ba ya gyara magudanar ruwa ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya jefa gidauniyar cikin haɗari. Ran da aka bincika aka ga cinikin shago na bi ta asusun marayu, asusun marayun za a tuhuma. Sannan mu duba girman abin da ake gudu. Tun dokar kuɗi ta 2019, ƙaramin kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, ba ya biyan harajin riba. Sabuwar doka ta ƙara ɗaga wannan ma'auni. Ga mai sunan kasuwanci ko mai albashi, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Da yawa daga masu ɓoye-ɓoyen nan, da sun fito fili, abin da za a nema a wurinsu kaɗan ne, wasu ma babu. Sun ɗauki haɗari babba domin gudun ƙaramin abu.

Na uku ya fi su hujja. Ya ce, in na yi rajista na miƙa wa gwamnati wuyan masallacinmu. Yana nufin sashe na 839 na dokar CAMA ta 2020. Sashen ya ba CAC ikon dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, in tana ganin an yi almundahana ko rashin iya gudanarwa. Da dokar ta fito an yi ca a kanta. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi watsi da sashen, ƙungiyoyin farar hula da dama ma haka. A 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa sashen, da wasu da ke biye da shi, sun saɓa wa 'yancin addini da na kafa ƙungiya da tsarin mulki ya bayar. Ra'ayina a nan a fili yake. Cire shugabannin ƙungiyar addini ko ta taimako aikin kotu ne, bayan an saurari kowane ɓangare. Bai dace ya zama aikin jami'in ofis ba. Masu tsoron nan ba su yi laifi ba. Sai dai ku auna haɗarin biyu. Ƙungiyoyi nawa kuka sani a cikin birni da gwamnati ta ƙwace? Nawa kuma kuka sani da suka watse saboda rigimar magada, ko saboda ma'aji ya rasu kuɗi na asusunsa, ko saboda zargi ya shiga tsakanin aminai babu littafin da zai raba gardama? Kowa ya amsa wa kansa. Ƙungiyar da ke da takarda da littafi ita ce ma ke iya tsayawa gaban alƙali ta kare kanta in hukuma ta wuce gona da iri. Wadda ba ta da su, ko ƙara ba za ta iya shigarwa da sunanta ba.

Na huɗu ya ce, mu ƙanana ne. Kuɗin lauya da na jarida da na akanta ya fi abin da muke tarawa. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan ce kowa ya ruga CAC gobe ba. Matan unguwa goma da ke haɗa kuɗi duk Juma'a domin kai abinci Asibitin Murtala, doka ba ta tilasta musu rajista ba. Abin da ya kamace su littafi ne guda, da mutum biyu masu sa hannu, da karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Ma'aji kada ta haɗa kuɗin da jarin sana'arta, ko da na kwana ɗaya ne, ko da da niyyar mayarwa ne. Daga aron kwana ɗaya ake fara rasa lissafi. Amma akwai alamomi uku da in ɗaya ta bayyana, lokacin rajista ya yi. In za a mallaki fili ko gini. In kuɗi ya fara zuwa daga mutanen da ba ku san fuskarsu ba, musamman daga ƙasar waje. In an ɗauki ma'aikaci mai albashi. Daga nan kuɗin rajista ya zama mai sauƙi in aka gwada shi da abin da za a iya rasawa.

Ga mai keke goma na Soron Ɗinki, da duk mai irin halinsa, ga inda za a fara, kuma ba sai an jira takardar CAC ba. A daren nan a ɗauko sabon littafi. A zauna da mutum biyu da unguwa ta yarda da su, ko liman ne ko mai unguwa. A bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, a tsamo duk abin da aka turo da sunan marayu. A rubuta abin da aka kashe a kansu. Abin da ya rage a ware shi, a sa hannu. In lissafi ya rikice a wani wuri, a rinjayar wa marayu, shago ya ɗauki asarar. Daga gobe, duk wanda ya nemi lambar asusu domin taimako, kada a sake ba shi ta shago. Kafin a kai ga rajista kuma, a nemi lauya ko akanta mai lasisi ya duba kundin tsarin mulkin, musamman sashen manufa da na yadda ake canza amintattu, domin gyara su bayan an yi rajista sai an sake komawa CAC, wani lokaci har da sabuwar sanarwa a jarida.